Keji, shinge ko sarƙa: ina zaka ajiye ɗan kwikwiyo a gidan Legas har ya koyi wajen bahaya?

Ƙanina ne ya kirani daga Ikorodu daren Lahadi, wai wani abokin kasuwancinsa ya bashi ɗan kwikwiyo ɗan sati takwas, jinin Alseshan, yana so in haɗashi da mai waldan da ya taɓa yi min keji. Nace masa dan Allah ka dakata, kar ka ba kowa ko kwabo tukunna, don kejin nan da kake gani a bayan gidana shine babban kuskuren da nayi da karena na farko kuma har yau in na kalleshi sai raina ya sosu. Mun fi awa guda muna magana har katinsa ya ƙare, shine naga gara in baje maganar gaba ɗaya, saboda ba shi kaɗai bane, 'yan uwanmu da yawa a Agege da Alaba Rago da Idi-Araba da Mile 12 yanzu suna ajiye kare saboda gadi, kuma kusan duk rami ɗaya ake faɗawa.

Mu dai kowa ya sani ba da kare a cikin gida muka tashi ba. A can gida kare na maharba ne da makiyaya, ko na ƙauye da zai kwana gindin rumbu a zuba masa kanzo, in bahaya ta kamashi ga daji nan ga bola, babu wanda ya taɓa zama yace zai koya masa inda zai tsuguna. Nan kuwa fili ɗaya ne daga katanga zuwa katanga, siminti ko intalok, nan yara ke wasa ba takalmi, nan ake shanya, nan ake alwala, nan ake shimfiɗa tabarma in an ɗauke wuta zafi ya koro mutane daga ɗaki. Ni abin da yasa na ajiye kare, sau biyu ana haura min katanga, na farko batirin mota aka cire, na biyu janareta. Na tambayi malamai kafin in kawo, hadisi ya ambaci karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun shigar da na gadin gida in akwai buƙata. Toh amma halaccin ajiyewa daban, iya ajiyewar daban, kuma tambayar farko da zata tareka tun daren da ya iso itace a ina zai kwana, a ina zai yi fitsari.

Akwai abu biyu da in ka riƙe su sauran maganar zata zo maka da sauƙi. Kare a halittarsa baya son ɓata inda yake kwana, tun yana sati uku zuwa huɗu zaka ga yana jan ciki ya bar jikin uwarsa yaje gefe yayi fitsari, kuma duk horon da ake yi da keji a kan wannan ɗabi'ar aka ɗora shi. Ɗayan kuma mafitsararsa 'yar mitsitsiya ce, bai ma gama iya riƙeta ba. Lissafin da masu kiwon kare ke bi shine duk wata ɗaya da yayi a duniya awa ɗaya, ɗan wata 2 awa 2, ɗan wata 3 awa 3, in an yi sa'a a ƙara ɗaya a kai, wannan ma in yana kwance ne shiru. Yana farkawa daga barci zai yi, yana gama cin abinci cikin minti 5 zuwa 30 zai nemi kashi, yana gama guje-guje zai yi, ga shi ɗan sati takwas sau uku ko huɗu yake ci a rana, kai da kanka lissafa sau nawa kenan. Sai wani abu da ba a cika faɗa ba, daga wajen wata biyu ƙafarsa ke sabawa da irin ƙasar da yake tsugunawa a kai, wanda ya saba da yashi yashi zai nema, wanda ya saba da tayil ko tsumma shi zai nema har ya girma.

Bari in fara da kejin walda tunda shi kowa ke ruga wa. Kun sanshi, ƙarfe mai ƙafa huɗu da rufin kwano, ƙasansa rodi ne a jere an bar tsakani don kashi da fitsari su zube ƙasa. Mai waldan ce min yayi, Alhaji ai wannan shine hutu, ba ruwanka da fitar dashi, da safe yaro ya watsa ruwa a ƙasa shikenan. Maganar ta shigeni don a lokacin biyar da rabi nake barin gida in ba haka ba gosulo ya cinye min safiya, sai tara na dare in dawo. Na saka karena na farko, Zaki, a ciki yana ɗan wata biyu. Satin farko kuka yayi tayi ba dare ba rana, na ɗauka kewar uwarsa ce kawai, ashe har da matsuwa, yana so yayi nesa da makwancinsa babu hali. Sati na biyu kukan ya tsaya, naji daɗi nace ya saba. Ashe haƙura yayi da tsaftar da Allah ya halicce shi da ita, ya koma yi a inda yake tsaye ya kwanta a kai, don kashin kwikwiyo ba duka yake faɗawa ta tsakanin rodin ba, rabi maƙalewa yake ya taka ya shafa a jikinsa.

Wata safiyar Asabar da ban fita kasuwa ba na tsaya na dubashi da kyau. Ƙudaje sun yanyame ƙasan kejin, zarni har ɗakin girki, tsakanin yatsunsa yayi jawur ya kumbura saboda tsayuwa kan rodi a jiƙe. Na buɗe masa ya fito, ya zagaya tsakar gida kusan rabin awa yana shinshine-shinshine bai yi komai ba, ina mayar dashi ciki ina rufe ƙofa ya tsuguna. Wallahi jikina yayi sanyi, a nan na gane da hannuna na koya masa cewa kejin shine masai. Ya kusa shekara kafin in rabashi da wannan, kuma har ya tsufa in aka rufeshi ya ɗan jima baya jin komai yayi a ciki.

Ba zan ce kejin walda bashi da rana ba. Yana da ƙarfi, iska na ratsa shi, a ɗage yake daga ƙasa wanda a Yuni da Yuli lokacin da ruwa ke cika tsakar gida abu ne mai amfani, kuma in karenka ya girma ya riga ya horu, waje ne mai kyau na rufeshi awa biyu uku in anyi baƙi ko masu aiki sun shigo, matuƙar ka shimfiɗa masa katako a ƙasan ya huta da rodi. Amma ka kula da rufin kwanon nan a Fabrairu da Maris. Kare baya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, in ka barshi ƙarƙashin kwano a tsakiyar rana musamman masu gashi irin Kokeshan zafi kaɗai na iya kasheshi. Ga tsatsa, fitsari da danshin Legas in suka haɗu a kan ƙarfe basa ɗaga masa ƙafa. Na babban kare ne, ɗan kwikwiyon da kake so ya koyi tsafta kar ka fara dashi.

Sarƙa ba zan daɗe a kanta ba don banda araha ban ga alherinta ga kwikwiyo ba, araha kuma bata ado. Wuyansa bai yi ƙwari ba, zai iya nannaɗewa ko ya haura wani abu ya rataye kansa kafin kowa ya ankara, zai kifar da kwanon ruwa ya wuni da ƙishi, sannan nan yake ci nan yake kwana nan yake kashi. Karen da ya girma a ɗaure ya fi saurin zama mai cizon tsoro wanda baya bambance ɓarawo da ɗanka, mutane kuma su ɗauka wai zafin gadi ne. Sakinsa haka nan ya yawata gida ba mai kallo shima ba hanya bace, kowane lungu zai mayar masai, ya tauna wayar wuta, ya ci gubar ɓera a bayan kicin.

Da na kawo karena na biyu, Duna, bayan shekara uku, wani likitan dabbobi a nan Agege ne ya zaunar dani ya nuna min ɗaya hanyar, ƙaramin keji. Na waya ne mai naɗewa, ƙasansa faranti na roba shafaffe, ana samu a shagunan kayan dabbobi ko a kasuwannin intanet irin Jiji da Jumia. Akwai na roba irin wanda ake ɗaukar dabba dashi a jirgi amma a zafin garin nan na waya ya fi, iska na shiga ta ko'ina. Mai walda ma zai iya haɗa maka in ka tsaya a kansa kace shafaffen ƙasa kake so. Wajen girma ne ake samun matsala, ya zama zai iya miƙewa tsaye kansa bai taɓa sama ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa, iyakarsa kenan. In ya fi haka faɗi da kansa zai raba shi biyu, nan ɗaki can masai. Tunda Alseshan in ya girma sai keji mai tsawon inci 42, Boabul da Rotwaila kuma 48, kar ka sayi ƙarami kana canzawa duk wata, sayi babban ka tare tsakiya da waya ko falanki kana matsar dashi baya yana girma.

Shi wannan gado ne, a shiga a yi barci a fito, ba a rufewa a manta. Kuma ba a cusa shi ciki da ƙarfi. Ranar farko Duna ko kusa da ƙofar yaƙi zuwa, sai na dafa hanta ba gishiri ba komai na yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, in jefa ɗaya bakin ƙofa, in jefa ɗaya ciki kaɗan, ya shiga ya ɗauka ya fito da gudu na ƙyaleshi. Abincinsa duk a ciki nake ajiyewa ƙofa a buɗe. Rana ta uku da la'asar na leƙa na sameshi a ciki ya naɗe kan tsohon tawul yana barci ba wanda ya sashi, daga nan na fara turo ƙofar minti biyar, goma, rabin awa. In zaka iya karɓo tsumman da ya kwana a jikin uwarsa daga inda ka samoshi ka karɓo, yana rage kukan daren farko sosai. Ka cire masa abin wuya kafin ya shiga kar ya maƙale a waya. Kuma dan Allah banda tsire da kilishi a matsayin lada, nasan su suka fi kusa da hannunmu, amma yajin akwai albasa da tafarnuwa kuma suna lalata wa kare jini.

Abin da ya sauƙaƙa min lissafin fitarwa shine lokutan salla, agogo ne da muke dashi tun asali. Na ware tsohuwar jallabiya ɗaya da silifas na aikin kare kawai, a ƙusa suke rataye a baranda, in na gama in cire in wanke hannu da sabulu sannan in yi alwala, kaga babu waswasi. Da asuba kafin in tafi masallaci in fitar dashi, in na dawo in bashi abinci in sake fitar dashi, sai azahar, la'asar, magariba, isha, sai wajen sha ɗaya kafin in kwanta, da ƙarin ɗaya duk bayan cin abinci. Inda gibin yake tsakanin asuba da azahar ne, ya fi awa bakwai, dole a samu mai fitar dashi sau uku a tsakani, la'asar zuwa magariba ma a satuttukan farko sai an ƙara ɗaya. Uwargida tun farko tace ita ba zata taɓa kare ba kuma ban matsa mata ba, Baba maigadi da babban ɗana ne suka raba aikin.

Yadda ake fitarwar ma akwai ƙa'ida. Kana buɗe ƙofa ka ɗaukeshi a hannu kai tsaye zuwa wajen, in ka barshi ya taka da ƙafarsa a rabin hanya zai saki. Waje ɗaya kullum, kalma ɗaya kullum, mu "yi maza" muke cewa. Ka tsaya shiru kamar minti biyar ba wasa ba surutu, igiya a hannunka don kar ya bi ƙadangare, yana gamawa a take a wurin ka yabeshi ka bashi hanta, ba sai kun koma baranda ba don kafin nan ya manta me yayi. In bai yi ba ka mayar dashi keji minti goma sha biyar ka sake gwadawa. In ya gama ne yake samun damar wasa a tsakar gida kana kallonsa, kana ganin ya sa hanci ƙasa yana zagaye ka san lokaci yayi.

Dare shine jarabawar. Turawa kusa da gadonsu suke ajiye kejin, mu ba zamu shigar da kare ɗakin kwana ba, sai na ajiye nawa a baranda daidai ƙarƙashin tagata yadda in yayi motsi zan ji. Na ɗora shi kan bulo saboda ruwa, na rufe gefen da feshi ke bugowa da tamfol na bar sauran a buɗe. Satuttukan farko sai ka tashi sau ɗaya ko biyu, wajen biyu zuwa uku na dare, babu makawa. Da sannu zaka gane kukan matsuwa da kukan neman hira, na matsuwa daga barci yake tashi dashi yana kai-komo yana karce ƙofa. Ka fitar dashi ba magana ba wasa, ya gama ka mayar dashi. Duna yana cika wata huɗu ya fara kaiwa asuba daga sha ɗaya, kafin wata shida da kansa yake tafiya wajen ko ba kowa, kuma yawanci haka ne, tsakanin wata 4 zuwa 6 suke kamawa, wasu su ɗan wuce.

Toh ga inda ƙaramin keji yake da tsada, ba kuɗin sayensa ba, lokacinka zai ci. Kwikwiyon da bai kai wata shida ba bai kamata ya wuce awa uku zuwa huɗu a rufe da rana ba. In kai mai fita tun asuba ne ka bi Ikorodu Road ko gadar Third Mainland sai bayan isha ka dawo, gidan kuma ba kowa, ka kulle ɗan sati takwas a wannan ɗan akwatin, wallahi ka fi mai kejin walda zalunci, don shi ko inda fitsarin zai zube babu. Duk mun san hadisin matar da ta tsare mage bata ciyar da ita ba bata saketa ba, ni shi nake tunawa duk sanda naji kukan kare a rufe a gidan maƙwabta tsakar rana.

Mai irin wannan fitar shinge ya kamata ya duba. Ka samu kusurwa ɗaya a tsakar gida kamar mita biyu da uku ka kewaye da waya, a ƙarshe ɗaya ka ajiye kejin ƙofa a buɗe da kwanon ruwa mai nauyi da ba zai kife ba, can ɗaya ƙarshen ka yi masa wajen bahaya. Ɗabi'arsa ce zata yi maka aikin, in ya matsu zai tashi daga makwanci ya tafi nesa. Bai kai ƙaramin keji sauri ba, kuma baya koya masa riƙewa tunda duk sanda yaso zai yi, ladan nan na nan take ma sai safe da dare kawai zaka samu bashi, amma bai kashe masa tsaftarsa ba, wanda shine abin da in ya lalace gyaransa ke wahala. Duk da haka sai an samu mai leƙashi da rana ya bashi abinci ya canza ruwa ya kwashe kashi, ɗan wata biyu baya wuni a kan ci ɗaya.

Me zaka zuba a wajen bahayar, nan ma sai an yi tunani. In ka bar siminti zalla da gangara zuwa kwata wankewa ba wuya, amma gidan gaba ɗaya siminti ne, ranar da ka sakeshi bai ga bambancin wajensa da ƙofar falo ba. Tsakuwa tana tsane ruwa amma 'yan kwikwiyo na haɗiyarta. Yashi suka fi so kuma ga araha, sai dai akwai ƙudan tumbu, wanda duk wanda ya daɗe a kudu ya sanshi, shine dalilin da yasa ake goge kayan jarirai bayan shanya. A yashin da fitsari ko kashi ya taɓa a inuwa yake zuba ƙwai, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta jira fata ta shige. Na gani da idona a jikin kwikwiyon wani maƙwabcina, cikinsa da tsakanin yatsunsa duk ƙuraje kamar maruru kowanne da ɗan rami a tsakiya, muka shafa man Vaseline muka jira, ana matsawa sai ga farar tsutsa kamar ƙwayar shinkafa tana fitowa, mun cire sun fi goma, ɗan tahalikin sai rawar jiki yake. In yashi zaka sa, ka sa shi ɓangaren da rana ke duka, makwancin ya zama a inuwa, ka kwashe kashi kullum ka canza yashin a kai a kai kuma kar ka bari ya riƙa kwanciya a kai. Ni yanzu ciyawar roba nafi so, yanki ɗaya a kan faranti, a ɗaga a wanke a shanya, a ƙafarsa daban take da komai na gidan don haka baya rikicewa. Ka yi wa wajen ɗan rufi ta gefe ɗaya saboda damina, wasu kwikwiyoyin in ana ruwa ko ka ja su ba zasu taka waje ba, Duna sai da na riƙa tsaya masa da lema.

Akwai masu zama a bene da ke ajiye ƙananan nan irin Lhasa da Eskimo suna shimfiɗa musu jarida ko audugar fitsari ta kanti. A cikinmu ba su da yawa, kuma ni bana ba da shawararta, don abin da kake koya masa shine duk abu mai laushi da aka shimfiɗa a ƙasa wajen fitsari ne, shi kuma bai san bambancin wannan da dadduma ko kafet ba. Wanda yake gidan haya na haɗaka kuwa, ɗaki na kallon ɗaki tsakar gida ɗaya, ya haƙura da kare gaba ɗaya, haƙƙin maƙwabta ya fi gadin.

Wani zai ce toh me zai hana in riƙa fita dashi bakin titi yayi a can in huta. Kar ka soma sai ya gama allurai. Cutar karnuka da ake kira farbo tana nan a Legas sosai, amai da zawo na jini, cikin kwana kaɗan take kayar da kwikwiyo, Alseshan da Rotwaila kuma suna cikin waɗanda tafi yi wa illa. Ƙwayar cutar a kashin kare take fita kuma tana iya yin watanni har shekara a ƙasa da ranta. Allurar farko tsakanin sati 6 zuwa 8 ake yi, a maimaita duk sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16, ta haukan kare kuma in ya cika wata 3. In an taɓa yin kare da farbo ta kashe a gidan, ka wanke simintin da bilic, murfi 1 a murfi 30 na ruwa a barshi minti goma, Dettol da Izal basa kasheta, tsohon yashin kuma a kwashe a zubar. Maganin tsutsar ciki ma kar a yi wasa dashi, kwikwiyo mai tsutsa ko zawo ba zai iya riƙewa ba komai kyan kejinka, kuma tsutsar kashin kare na shiga ƙafar yara masu yawo ba takalmi. In kaga yana ɗiga fitsari kaɗan-kaɗan duk bayan 'yan mintuna, likita zaka kaishi.

Kuma duk hanyar da ka ɗauka sai yayi kuskure. Wata rana na shigo na tarar Baba maigadi ya ɗauko tsumagiya ya kamo Duna zai dangwala masa hanci a kashin da yayi tun ɗazu bayan mota, nace Baba dan girman Allah kayi haƙuri ka sakeshi, bai san me kake hukuntashi a kai ba. Yace Alhaji ai haka ake yi ya ji a jikinsa. Na zauna na yi masa bayani, abin da duka ke koya wa kare shine kar ya tsuguna a gaban mutum, sai ya koma ɓuya bayan tanki da ƙarƙashin mota, ranar da ka kaishi wajensa kuma ka tsaya yaƙi yi don tsoronka yake. In ka kamashi yana cikin yi ka tafa hannu sau ɗaya ka ɗaukeshi ka kaishi wajensa ya ƙarasa, in bayan ya gama ka gani ka wanke kawai. Wankin ma da sabulu da ruwa sosai tukunna sannan bilic, don hancinsa na jin abin da naka baya ji kuma warin ne ke dawo dashi. Tsumman da ka goge fitsarin ka kaishi wajen bahayar ka ajiye kwana ɗaya biyu, zai bi warin can.

Ƙanin nawa Mile 12 yake kasuwa, tun duhu yake fita, amma matarsa na gida kuma akwai ɗan yayarmu da ke zaune dasu yana jiran sakamakon jarabawa, yaron kuma yana son dabbobi. Nace masa ya haɗa biyun, ƙaramin keji da dare a ƙarƙashin tagarsa shi da kansa ya riƙa tashi, da rana shinge da ciyawar roba yaron ya riƙa kaishi bayan kowane ci yana bashi lada, kejin walda ya bari sai kare ya kai shekara in ma yana buƙata. Na kuma faɗa masa da ace ba kowa a gidan da rana, cewa zanyi ya mayar wa mai shi ya nemi ɗan wata biyar ko shida da ya gama allurai ya fara iya riƙewa, shi ya fi dacewa da mai fitar asuba.

Jiya ya turo min hoton kusurwar da ya kewaye, yayi kyau, akwai inuwar mangwaro a gefen makwancin rana kuma na dukan ɗaya ƙarshen. Abu ɗaya na gani na kirashi nan take, ɗakin janaretansa na jikin shingen, bakin salansa na kallon inda kejin yake. Nace ya matsar da shingen ɗaya ɓangaren gidan kafin dare, hayaƙin nan yana kashe mutum ma a cikin barci balle ɗan kwikwiyon da hancinsa ke dab da ƙasa.